Ɗorawar Iya Da Takardar Wasiyyi

Masu karatu, da yawanku kun rubuto kuna tambayar abin da ya hana Malam Nata'ala fitowa neman aurena tun da yana so. Wata baiwar Allah ma ta ce da ita ce da tuni ta sallame shi. Amsar gajeriya ce. Takarda ɗaya ce ta tsare shi, takardar kuma tana jiran babban yatsan tsohuwa ɗaya.

Ga wanda yau ya fara bin labarin, sunana Suwaibatu. Mahaifina, Alhaji Rabo mai sayen auduga a Ƙanƙara, ya rasu cikin daminar 1975, ina da shekara goma sha tara, ina koyar da 'yan aji biyu a firamaren garinmu. Kwana huɗu kafin ya cika ya kira liman da maƙwabta biyu, ya ce ya naɗa Malam Nata'ala wasiyyinsa, wato wanda zai tattara abin da ya bari, ya sauke haƙƙin mutane, ya raba saura ga magada. Nata'ala hedimasta ne a Faskari, shekararsa ashirin da tara, ya kuma yi shekara shida yana rubuta wa Baba wasiƙu da rasit duk lokacin kasuwar auduga. Mu huɗu ne magada: Innata, da Yaya Lawwali mai tuƙa babbar mota zuwa Ikko, da ni, da kakata Iya Barakatu, mahaifiyar Baba, wadda ke zaune a Sabuwa wajen ɗiyarta, Gwaggo Lauratu.

Kowace Asabar da hantsi sai mu ji kukan babur ɗinsa a ƙofar gida. Farin kaftani, baƙar hula, biro uku a aljihun ƙirji: shuɗi, ja da baƙi. Inna tana takaba, don haka takan zauna bayan labulen zaure, ni kuma in zauna bakin ƙofa in karanta mata duk abin da ya rubuta, tun da ni ce mai boko a gidan. Ya ƙirga shanu. Ya ƙirga buhunan dawa. Ya ari tef daga malaman gona ya auna gonakin Baba guda uku, ta Ketare, ta Mairuwa da ta Ruwan Godiya. Har butar alwalar Baba sai da ya rubuta.

Wata Asabar cikin Janairu, Inna ta tashi duba tukunya, sai ya rufe littafinsa.

"Malama Suwaibatu, ina da magana. Amma ba zan faɗe ta ba sai na sauke kayan Alhaji."

"Magana a kan gadon ce?"

"A'a. Shi ya sa. Wasiyyin da ya nemi ɗiyar mamaci dukiya tana hannunshi, ko ya fi kowa gaskiya ba mai yarda da rabonshi. Ranar da ku huɗu kuka sa hannu cewa ba ku bina kome, ranar bakina zai buɗe."

Na ce to. Ban sami wata kalma da ta fi wannan ba, har yau kuma ban samu ba.

An gama rabo cikin Maris na 1976. Alƙalin Ƙanƙara ya duba ya ce lissafi ya yi daidai, amma wasiyyi ba ya fita daga ɗaukar nauyi sai kowane magaji ya zo gabansa ya faɗa da bakinsa cewa ya karɓi haƙƙinsa kuma ba shi da sauran magana, sannan ya sa hannu a takarda. Idan ba a yi haka ba, ko bayan shekara ashirin wani zai iya tasowa ya ce a biya shi. Aka sa rana, Litinin ta farko cikin Afrilu.

Na sa atamfa ruwan ganye mai zanen fanka, da farin mayafi, da takalmi mai tudu da Yaya ya kawo mini daga Ikko. Iya ta zo daga Sabuwa tun jajibiri, cikin baƙin saƙinta da ba ta sa shi sai za ta suna ko za ta faɗa. Da na lura da wannan da na shirya.

Alƙali ya ce a fara da babba.

"Iya, kin karɓi sudusinki?"

"Na karɓa, Allah ya gafarta malam. Shanu biyu da dawa, suna Sabuwa."

"Kina da sauran magana a kan Malam Nata'ala?"

"Ina da."

Muhuti, wato magatakardan kotun, wanda ya riga ya buɗe gwangwanin tawada, ya tsaya da hannu a sama.

"To faɗi mu ji."

"Shi da ya yi karatu ya nemo."

Ta tura hannunta na dama cikin zane ta naɗe. Alƙali ya tambaya sau uku, ta ba shi amsa iri ɗaya sau uku. Inna ta ce ba za ta riga surukarta sa hannu ba. Yaya Lawwali ya ce shi mota na jiransa da siminti. Aka ɗage zama. Nata'ala kuwa na ga ya ciro jan biro ya mayar, ya sake cirowa ya mayar.

Bayan kwana biyar Gide, direban bas ɗin Faskari, ya miƙo mini ambulan ta taga. Ga abin da ke ciki, ban ƙara ba ban rage ba:

"Malama Suwaibatu, bayan gaisuwa. Na sake bin lissafin sau uku ban ga kuskure ba. Wannan ba ya nufin babu shi. Na aika wa Iya cewa idan shanun ne ba su yi mata ba a canza, ta ce a gaishe ni. Idan kin ga hanyar da za a ji bakinta, ki taimaka. Na ga atamfar da kika sa ranar kotu. N."

Jimlar ƙarshen nan ita ce zancen soyayya mafi tsawo da ya taɓa yi mini cikin wata takwas. Na karanta ta fiye da yadda ya kamata.

Da yammar ranar Baba Audi ya shigo. Ƙanin Baba ne, uba ɗaya, yana sayar da rediyo da batir a kasuwa, kuma shi ne waliyyina yanzu. Ya zauna kan turmi a tsakar gida, bai ko cire takalmi ba.

"Ke Suwaiba, zo nan. Alhaji Mamuda ɗan kwangila na Funtuwa ya aiko sau biyu. Fijo gare shi sabuwa, ledar kujera ma bai cire ba."

"Baba, ni ba mota nake nema ba."

"Ban ce sai shi ba. Ubanki bai yi ma kowa dole ba, ni kau ba zan fara ba. Amma mutum wata takwas yana jingine babur ƙofar gidan nan, unguwa ta gama ɗaura maku aure har ta raɗa ma ɗiyanku suna, shi bai ce uffan ba. Ni ake kallo."

"Takarda yake jira."

"Takarda! Ni na auri mata biyu ban ga takarda ba. Ƙarshen watan nan, ko ya turo manya, ko in ce ma Mamuda ya fara zuwa zance. In ya zo ki kore shi da bakinki, ni dai na fita."

Saura kwana ashirin ke nan. Na san Nata'ala. Idan ya ji wani ya fara zuwa da izinin waliyyi, zai ɗauke babur ɗinsa cikin ladabi, ba zai sake waiwayowa ba. Na kuma san ba zai karya maganarsa don kwanan wata ba.

Ranar Juma'a bayan an tashi makaranta na ɗauki izini wajen Inna. Ta ɗaura mini ƙullin goro, da sabulun wanka sanda biyu, da gwangwanin man zafi don gwiwar Iya. Bas zuwa Funtuwa, sannan a-kori-kura zuwa Sabuwa, ina zaune kan buhun takin zamani tsakanin wata mata mai kaji da wani tsoho mai sabon rediyo da ya ƙi kashewa. Na isa da la'asar.

Na tarar da Iya a gindin rumbu, faifai a cinya, tana tsintar wani abu tana mita.

"A'a, Malama mai alli. Gaisuwa kika zo ko leƙen asiri aka aiko ki?"

"Gaisuwa, Iya. Ga man gwiwa."

"Aje nan. Mai biro uku yana lafiya?"

"Ban sani ba."

"Ƙarya fure take. Zauna ki taya ni. Dubi abin da ɗan banzan mai awon nan na kasuwa ya auna mani, tiya biyu, rabi tsakuwa rabi ƙwari."

Na duba faifan. Kalwa ce, ƙwayar ɗorawa da ake daddawa da ita. Na tsinci tsakuwa uku kafin abin ya daki kaina. Tun ina yarinya daddawar Iya ke zuwa gidanmu cikin kwando, kowace bazara, har Inna ta raba wa maƙwabta. Ban taɓa jin an ce ta sayi kalwa ba.

"Iya, yaushe kika fara sayen kalwa a kasuwa?"

Ba ta ɗago ba. Gwaggo Lauratu da ke tankaɗe a ƙofar madafi ta ajiye rariya.

"Iya, ki gaya mata mana. Mako uku kina hana mu barci."

"Ke kuma wa ya sa da ke?" Ta hura faifan, ta ajiye. "Bana na fara. Shekara hamsin da biyu ban sayi kalwa ba sai bana."

Ga abin da ta faɗa mini, na tsara shi yadda za a gane. Lokacin da ta haifi Baba a Ruwan Godiya, bayan ta yi arba'in, kakanmu ya kai ta gonarsa, ya tsaya gaban mutane ya ce ƙasar ta yaron ce in ya girma, ɗorawa bakwai da ke ciki kuma nata ne. A ƙauyukanmu wannan ba baƙon abu ba ne. Gona daban, itacen da ke cikinta daban. Mutum zai noma ƙasa shekara arba'in, 'ya'yan itacen kuwa na wata tsohuwa ne a wani gari, kuma ko ɗaya ba zai tsinka ba sai da izininta. Haka Baba ya yi har ya mutu. Kowace shekara Iya kan aika mata biyu su kaɗo mata, a kawo Sabuwa a kan jaki.

Bana da matan suka je, suka tarar wasu na kaɗawa. Aka ce musu wasiyyi ya sayar da 'ya'yan tun suna sama, naira goma sha huɗu, ya zuba cikin dukiyar gado. A takardar rabo kuma ya rubuta: gonar Ruwan Godiya da abin da ke cikinta. Ni da bakina na karanta wa Inna wannan layi a zaure, ban ji kome ba.

"Don Allah Iya, me ya hana ki faɗa tun a kotu?"

"In tsaya gaban maza ina roƙon abina? Ya je gonar da igiyar Turawa ya auna ƙasa kamu-kamu, ya sha inuwarsu, bai ɗaga kai ya ce na wa ne ba."

"To ai abu ya zo da sauƙi. Gonar ni ta faɗo wa. Na bar maki itatuwan, ki ɗauka."

Ta dube ni tun daga ɗankwali har takalmi.

"Ji mani ɗiya. Ki cire mani kallabi daga kai ki ce kin ba ni kyauta? Ba kyauta nake so ba. A rubuta ba su taɓa zama na Rabo ba. Kuma wanda ya rubuta na farko shi zai rubuta na biyu."

Da safe na rubuta wasiƙa mai layi huɗu na ba direban da ke bi ta Faskari. Na ce: "Ɗorawar gonar Ruwan Godiya ta Iya ce tun 1924. Kada ka tambayi maigari. Ka tambayi matan da suka saya."

Ranar Lahadi da azahar muka ji babur a ƙofar gidan Gwaggo. Ya yi sallama, aka yi masa iso, ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa nesa da tabarmar Iya. Jar ƙasar hanya ta rufe kaftanin har gwiwa.

"Iya, na je na tambaya. Mata tara na tambaya, tara suka ce naki ne. Sun ɗauka ke kika aike ni in sayar."

"Da can wa ka tambaya?"

"Maigari da maƙwabtan gona."

"Ka tambayi maza iyaka, ba ka tambayi mata itace ba. Namiji ya san daddawa ne sai a miya?"

"Na yi kuskure. Na sayar da abin da ba na mamaci ba, nauyin yana kaina, ba kan magada ba. Zan faɗa gaban alƙali, zan kuma biya daga albashina."

"Albashi." Ta juya wajen Gwaggo. "Lauratu, kin taɓa kaɗa miya da naira?"

"Ban taɓa ba, Iya."

Iya ta sake duban Nata'ala. "Itace nawa matan suka kaɗe?"

"Biyar. Biyu na gabas ba su gama nuna ba sai makon nan."

"To. Biyar ɗin na bar ma matan, sun biya, ba su yi laifi ba. Kuɗin ka kai masallacin garin a sayi tabarmi, ladan ya ishe Rabo. Biyun da suka rage kai za ka kaɗo su. Da hannunka, ba ɗan aike ba. Ka kawo mani nan. In na ga kalwata, sai mu ga yatsana."

Gwaggo ta shige madafi da sauri, kafaɗunta na rawa. Nata'ala ya ciro shuɗin biro ya rubuta sharaɗin a littafinsa, ya karanta mata, ya tambaya ko ya yi daidai. A nan ne na ga bakin Iya ya motsa, ta yi maza ta cusa goro.

Asabar ta gaba muka tafi Ruwan Godiya, ni a matsayin mai gona, Baba Audi a matsayin shaida. Ya ce ko rumfarsa za ta ƙone ba zai bari wannan kallo ya wuce shi ba. Labari ya riga mu isa. Mata sun fi ashirin a bakin gonar, wasu da goyo, wasu da ƙwarya a ka kamar hanya ce ta biyo da su. Shugabarsu wata doguwar mata ce, Asma'u mai daddawa, ita ce ta kawo gora mai ƙugiya, tsawonta ya kusa kamu goma sha biyu.

Hedimasta ya cire hula, ya zuba birukansa a ciki, ya miƙa wa Baba Audi. Ya naɗe hannun riga. Ya ɗaga gorar, ta rinjaye shi, ya yi taku uku da baya.

"Malam, ba alli ba ne," in ji Asma'u. "Kafa gindinta a cinya. Yauwa. Saƙala can sama inda suka yi gungu. Kada ka ja reshe, murɗa za ka yi."

Ya murɗa. Gungun ya taho gaba ɗaya ya sauka a kansa. Matan suka kwashe da guɗa kamar an kawo amarya.

"Sifili!" wata ta ce daga baya. "A ba shi sifili, yadda yake ba ɗiyanmu!"

"A'a, a ba shi biyu bisa goma, ya sami kai!"

Bai yi fushi ba. Ya karkaɗe wuya ya sake ɗagawa. Wajen awa guda hannunsa ya faɗa, har Asma'u ta daina gyara masa ta koma ba shi labarin kowace bishiya: wadda ta fi zaƙin gari, wadda ƙwayarta ta fi girma, wadda tsawa ta taɓa faɗa wa shekarar fara. Yana kaɗawa yana tambaya, mu muna tsincewa muna tarawa. Baba Audi yana zaune a inuwa da hula a cinya, yana tsotsar garin ɗorawa yana ba da umarnin da ba mai bi.

Da rana ta take na kai masa ruwa a moɗa. Garin ya yi masa rawaya a gira da gashin baki.

"Malama Suwaibatu, dariya kike."

"Tari nake."

"Litinin za a sauke ni."

"In Iya ta ga dama."

"In ke ma kin ga dama. Ke ce ta huɗu."

Na karɓi moɗata na koma wajen mata. Buhu uku da rabi aka samu. Ya ɗaure biyu a bayan babur, ya yi sawu biyu zuwa Sabuwa a ranar Lahadi. Gwaggo ta ce Iya ta ɓare guda, ta murza ƙwayar a tafin hannu, ta shinshina, ta ce a ba shi fura.

Litinin, ashirin da shida ga Afrilu, saura kwana huɗu wa'adin Baba Audi ya cika, muka koma kotu. Wannan karon Iya ta sa atamfa shuɗiya da sarƙar murjani. Ni na maimaita ruwan ganyen. Ba sai na yi bayani ba.

Nata'ala ya miƙe kafin a tambaye shi. Ya faɗi abin da ya yi ba kwana-kwana: ya sa itatuwa bakwai cikin gado alhali na mai rai ne, ya sayar da 'ya'yansu ba da izini ba, ga yadda aka gyara. Alƙali ya saurara, ya ce ya shekara goma sha ɗaya a kujerar nan bai taɓa ganin wasiyyi ya kawo ƙarar kansa ba. Aka cire darajar itatuwan daga lissafi. Tun da an ƙirga su cikin kasona, sai kowa ya rage kaɗan aka cika mini, mafi yawa daga na Yaya Lawwali, karsana guda. Ya ɓata fuska, ya duba agogo, ya ce ya yarda. Nata'ala ya rubuta sabon layi da hannunsa, muhuti ya karanta da ƙarfi: gonar Ruwan Godiya ban da ɗorawa bakwai, waɗanda mallakar Barakatu ce tun asali.

"Sake karanta wajen tun asalin nan," in ji Iya.

Ya sake.

"Iya," in ji alƙali, "kina da sauran magana a kan Malam Nata'ala?"

"Babu. Na sauke shi. Abin da na sani da wanda ban sani ba na yafe mashi, duniya da lahira." Ta fito da hannu daga zane ta miƙa wa muhuti. "Tawadar nan tana fita? Ina da daddawa a rufe."

Ta danna yatsa har takardar ta motsa. Inna ta biyo, muryarta ƙasa-ƙasa, ta ce marigayi bai zaɓi banza ba. Yaya Lawwali ya sa hannu a tsaye. Sai aka kira ni.

Zan faɗi gaskiya tun da na yi muku alkawarinta. Da na riƙe alƙalamin sai na tuna cewa wannan takarda ita ce ke yanke dalilinsa na zuwa gidanmu. Daga yau babu Asabar, babu littafi, babu labule. Ko dai ya zo da wata fuska, ko kada ya zo sam. Magana ɗaya da aka yi mini cikin Janairu ita ce kawai abin da nake riƙe da shi, kuma ba ni da shaida.

"Suwaibatu, kin karɓi haƙƙinki?"

"Na karɓa."

"Kina da sauran magana a kan wasiyyi?"

"A kan gado babu."

Alƙali ya dube ni ta saman tabarau. Muhuti ya duƙar da kai.

"Gado kawai kotu ta tambaya," in ji alƙali. "Sa hannu."

Na sa. Ya buga hatimi, ya ce kotu ta sauke Malam Nata'ala, daga yau ba mai binsa kome na Alhaji Rabo, Allah ya saka masa. Nata'ala ya ciro makullin akwatin ƙarfen Baba daga igiyar da ke wuyansa, ya miƙa wa Yaya da hannu biyu. Ya karɓi takardarsa, ya ninke ta huɗu, ya sa a aljihun ƙirji.

A waje, Baba Audi ya tare shi kafin ya kai ga babur.

"To Malam, aiki ya ƙare, mun gode. Daga yau zauren gidanmu ba ofis ba ne. In an ga babur ƙofar gida, me za mu ce ma unguwa?"

Nata'ala ya durƙusa nan cikin rana, gaban masu sayar da rake da masu jiran shari'a.

"Baba, in an ba da izini, Juma'a kawuna zai zo daga Faskari da mutum biyu."

"Da wace magana? Wata gonar za a auna?"

"Maganar Suwaibatu, Baba."

Karo na farko ke nan da ya faɗi sunana ba Malama. Inna ta ja mayafi ta rufe baki. Baba Audi ya buɗe hannuwa ya juya wajen masu rake.

"Kun ji dai! Ashe yana da baki! Wata takwas! To Allah ya kawo su, ni kau in huta da aiken Funtuwa."

"Ba Ƙanƙara za su ba."

Iya ce. Tana tsaye ta dogara da sanda, tana goge yatsa da gefen zane.

"Iya, ai ni ne waliyyi," in ji Baba Audi.

"Waliyyi yana da ƙafa, ya taho Sabuwa. Can za a yi, gabana." Ta nuna Nata'ala da yatsan mai tawada. "Kai kuma ka zo da kawunka, ka zo da littafin nan naka da biro mai kyau. Akwai abin da zan faɗa ka rubuta tun ina da rai, don kada wani mai igiya ya sake zuwa bayana. Kuma sai an rubuta shi za a karɓi goronku."

"Me za a rubuta, Iya?" in ji Yaya Lawwali.

"Kai mota na jiranka."

Abin da ta sa aka rubuta ranar Juma'ar yana cikin akwatina har yau, layi biyar ne da shuɗin biro. Saboda shi kawun Nata'ala ya nemi a ba shi ruwa, Yaya Lawwali kuma ya yi wata uku bai yi mini magana ba. Abin da layukan suka ce kuwa, sai a fitowa ta gaba zan faɗa muku.